Uwar Garke Da Ajiyar Ko-Ta-Kwana

Yau ba zancen girki ko renon yara na zo muku da shi ba. Zancen kwamfutar ofis ne. Na san tun ban rufe baki ba wata ta ce, "Ina ruwan uwargida da kwamfutar ofis?" To, ki yi haƙuri ki ji dalili.

Da daminar da ta wuce na je gai da wata ƙawata da ke riƙe da wata 'yar makarantar kuɗi ta 'yan mata a wani gari tsakanin Makarfi da Hunkuyi. Na iske ta a ofis ta yi tagumi, ko ruwa ba ta tuna ta ba ni ba. Ashe kwana biyu kafin zuwana an yi ruwa da tsawa da dare, da gari ya waye babbar kwamfutar makarantar ta ƙi tashi. A cikinta kuwa akwai sunayen yara duka, da makin jarrabawarsu na shekara huɗu, da lissafin wanda ya biya kuɗin makaranta da wanda a ke bi. Aka ɗauko mai gyara daga Zariya. Ya buɗe, ya duba, ya ce faifan da ke ciki ya ƙone, a kawo masa kwafi ya zuba a sabo. Aka yi ta bincike cikin durowa har aka samo wani filashi. Malamin da ya saba kwafewa a cikinsa ya bar aiki tuni, ba kuwa wanda ya ɗauki aikin bayansa. Kwafin ƙarshe ya yi wata tara.

Mako uku malamai suka yi suna tonon tsofaffin rajistu da takardun amsa. Wata uwa ta zo ta rantse ta biya kuɗin zango biyu, rasiti ya ɓace mata, makaranta kuma ba ta da shaida. Wata yarinya da iyayenta za su ƙaura Kano ta zauna gida tana jiran takardar makinta. Kin ga ruwan uwargida ke nan. 'Yarki ce a cikin faifan nan, kuma kuɗinki ne.

Ba makarantu kaɗai ba. Asibiti, da babban kantin magani, da ƙaramin bankin da ke ba mata rance, da ofishin ƙungiyar manoman tumatir a Ikara ko ta masu rake a Makarfi ko ta masu inabi a Kudan, duk wanda ya bar littafi ya koma kwamfuta, wannan magana ta shafe shi. Tun 2015 ma jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta a ke yinta. Da yawa cikinku kuna kwamitin iyaye da malamai, wasu su ne ma'ajin ƙungiya, wasu kuma maigida na da shago. Ku kuwa 'yan makaranta, gobe ku ne akawu, ku ne masu riƙe da katin marasa lafiya. In aka zo sayen irin wannan kaya, kada ku yi shiru ku bar wa mai sayarwa bakin magana shi kaɗai.

Bari in fara da sunaye. A ofis mai kwamfutoci da yawa a kan keɓe guda ɗaya babba, a jona sauran da ita ta igiya ko ta iska, kowa ya riƙa ajiye aikinsa a cikinta yana ɗaukowa daga can. Ita ce masana su ke kira uwar garke. In ta faɗi, garke duka ya tsaya. Manhajar ajiya kuwa ita ce 'yar aikin da a ke sa wa ido a kan uwar garken nan: lokaci lokaci ta kwafe abin da ke ciki ta kai wani wuri dabam ta adana, don ranar da ba a fata. Wannan shi na ke kira ajiyar ko-ta-kwana.

Mu 'ya'yan manoma ba baƙon abu ba ne gare mu. Wace uwargida ce ta taɓa ganin an zuba irin shuka cikin hatsin tuwo? A kan zaɓi zangarniya mai kyau tun a gona, a ɗaure, a rataye ta can inda hannun yara da bakin ɓera ba sa kai wa. Ko rumbu ya ƙone, baɗi a yi shuka.

Amma fa a nan mutane da yawa su ke ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe. Akwai madubi, akwai hoto. Madubi abin da ke fuskarki yanzu shi ya ke nunawa. In kwalli ya ɓaci a idonki, ya ɓaci a madubi nan take. Hoto kuwa ya riƙe ki yadda ki ke ran da aka ɗauka. Sau da yawa mai sayarwa zai ce miki, "Hajiya, wannan kwamfutar faifai biyu gare ta, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan." Gaskiya ne, kuma yana da amfani in faifai guda ya mutu don tsufa. Amma madubi ne. In akawu ta goge makin aji uku bisa kuskure, ya gogu a duka biyun. In tsawa ta faɗa, tare za su ƙone, tun da ciki ɗaya su ke kwana. Abin da mu ke so hoto ne, kuma ba ɗaya ba: na jiya, da na shekaranjiya, da na makon jiya, da na ƙarshen zangon da ya wuce, yadda in ɓarna ta yi kwana goma ba a lura ba, a koma wa na kwana goma sha ɗaya.

Kada ku ɗauka ƙananan ofisoshi kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ran 27 ga Yuni 2017 wata muguwar cutar kwamfuta da aka sa wa suna NotPetya ta taso daga ƙasar Yukren ta shiga kamfanin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwan nan na ƙasar Denmak. Kamfanin na da wasu uwayen garke wajen 150 a ƙasashe dabam dabam, masu riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, kowace madubin 'yar'uwarta ce. Suna ganin ai ba yadda za a yi duka su mutu rana ɗaya. Cutar kuwa ta bi su ta share. Aka yi ta buga waya ofis ofis, sai aka sami guda ɗaya tak da ta tsira, a Gana. Me ya tsirar da ita? Ɗauke wuta! Wuta ta ɗauke kafin cutar ta iso, kwamfutar na kashe, ba ta jone da kowa. Layin intanet ɗin ofishin bai da ƙarfin tura abin da ke ciki da sauri, mutanen ofishin kuma ba su da bizar Ingila inda a ke aikin gyaran. Sai wani ya ɗauko faifan a hannu ya hau jirgi ya zo Nijeriya, ya miƙa wa wani ma'aikacin a filin jirgi, shi kuma ya tashi da shi zuwa Landan. Duk da haka hasarar kamfanin ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300. Ni dai ban taɓa jin ranar da ɗauke wuta ya yi wa wani rana irin wannan ba.

Abin lura a labarin nan shi ne, kwafin da ya tsira shi ne wanda ba ya jone. Irin cututtukan nan masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa, duk abin da su ka iske a jone su kan bi shi, har da kwafin ajiya.

Wani mai ɗaukar hoto a Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da a ke ce wa 3-2-1. Watau kwafi uku, har da na ainihin da a ke aiki da shi. A kan ma'adana iri biyu. Ɗaya kuma ya kwana a wani gini dabam. Wannan ɗayan na ƙarshe shi a ka fi yi wa kasala. Ran 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, gini ne cike da uwayen garken mutane. Waɗanda kwafinsu ke wani gari suka dawo aiki. Wasu kuwa kwafin nasu a nan wurin ya ke, ya tafi tare da na ainihin.

To, yanzu mu zo ga zaɓe. Manhajojin suna da yawa, kowane mai sayarwa kuma nasa ya fi. Ni abin da na ke fara tambaya ba ƙarfinta ba ne, sauƙinta ne. Ofisoshinmu ba su da injiniya a zaune. Mai gyara sai an kira shi daga Zariya ko Kano, ranar kuma da ki ka fi bukatarsa ranar ya ke wani wuri. Saboda haka manhajar da ta dace da mu ita ce wadda akawun da ta gama sakandare za ta iya dubawa kowace safiya kafin shayinta ya huce.

Ki ce wa mai kawo kayan ya nuna miki, kada ya gaya miki. Tana tashi ta yi kwafi da kanta a kan lokaci, ko sai wani ya tuna? Abin da ya kashe ƙawata ke nan, aiki ya rataya a wuyan mutum ɗaya. In lokacin ya yi babu wuta, da an kawo za ta rama, ko sai gobe? Wannan tambaya ta fi muhimmanci gare mu fiye da mutanen da su ka ƙera ta, don su sun saba sa kwafi ƙarfe biyun dare, mu kuwa ƙarfe biyun dare janareta na kashe. Gara a sa shi da rana, lokacin tashi cin abinci, sa'ad da a ka tabbata akwai wuta ko sola. Sa'an nan, akwai shafi guda da zai nuna miki kwamfutocin ofis duka a jere, kore ga wadda a ka kwafe, ja ga wadda a ka kasa? In ta kasa, tana aiko da saƙo, ko shiru ta ke yi?

Ki kuma tambaya ko tana tsinka. Matan Ikara sun san abin da na ke nufi. Ba a tuge tumatir duka kowace safiya, wanda ya nuna tun tsinkar baya shi a ke ɗiba. Manhajar kirki ranar farko ta kan kwashe kome da kome, daga nan kullum sai ta ɗauki abin da ya sake kawai. Ga amfaninsa a lissafi. A ce makaranta na da gigabait 20, layinta kuma na tura megabit 2 a daƙiƙa. Tura shi duka ta intanet zai ci awa 22 da 'yan kai, ban da kuɗin data. Amma abin da a ke ƙarawa a yini ɗaya, 'yan maki da 'yan rasitai, cikin mintoci kaɗan ya wuce.

Akwai kuma kwafin takardu, akwai kwafin kwamfuta sukutum. Na farko takardun kaɗai ya ke adanawa, in faifai ya mutu sai an sake ɗora kome daga tushe kafin a mayar da su. Na biyu ya kan ɗauki faifan yadda ya ke, da manhajojinsa da saitinsa, a juye a sabo a ci gaba da aiki. Ga uwar garke a nemi mai yin duka biyun.

Bari in kira suna. In ofis uwar garke ɗaya ce tak mai Windows Server, akwai wata da ke zuwa tare da shi, Windows Server Backup, ba a ƙara ko kwabo. Kanta kawai ta ke yi wa aiki, ba ta kula da sauran garke, amma ta fi babu nesa ba kusa ba. In kwamfutoci sun kai goma ko ashirin, ni UrBackup na ke zaɓa. Kyauta ce, tana hawa Windows ko Linux, tana kwafin takardu da na sukutum, tana tsinka, kuma tana da shafin nan na kore da ja da a ke buɗewa kamar shafin intanet. Tsohuwar kwamfuta mai lafiya in an sa mata babban faifai ta isa ta ɗauke ta. Veeam sananniya ce a manyan ofisoshi, tana kuma da ta kyauta mai ɗaukar na'urori har 10. Aikinta na da kyau, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi da wanda ya ɗan san kanta. In da kuɗi a hannu, akwai akwatin ajiya na kamfanin Synology, wanda wasu samfuransa ke zuwa da manhajar Active Backup for Business ba tare da kuɗin lasisi ba. Sauƙi kam yana da shi, tsadar tana wajen sayen akwatin da faifansa, kuma a tabbata samfurin da za a saya yana cikin masu ɗaukarta.

Wani saurayi mai zafin ilmi zai iya ce muku Bacula ta fi su duka. Ba ƙarya ya yi ba wajen ƙarfi. Tun 2000 Kern Sibbald ya fara ta, manyan ma'aikatu na amfani da ita. Amma saitinta da rubutu a ke yi, layi bayan layi. Ran da saurayin nan ya sami aiki Abuja, wa zai karanta? Ba a sayen tirela don kai niƙa.

Wajen kwafin da zai kwana a waje, hanya biyu ce. Ko a tura ta intanet, da irin su Duplicati, wadda ita ma kyauta ce, tana kulle bayanai kafin ta aika su wurare irin Google Drive, inda a ke ba kowa gigabait 15 kyauta. Ko kuwa a yi ta gargajiya: a sayi faifan ajiya na hannu guda biyu, a rubuta wa ɗaya 1 ɗaya 2. Wannan makon na 1 na ofis, na 2 na gidan shugaba. Ran Juma'a a musanya. Inda layi ke rawa, ni na fi amincewa da ta biyun, kuma ga shi wanda ke gida ba ya jone da kome, kamar dai kwamfutar Gana. A sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da ƙurar hunturu da 'yan yara masu son abu mai ƙyalli. Kada a bar shi ya faɗi, faɗuwa ɗaya na iya kashe shi.

Na ce kullewa, to, a kula. Faifan da ke yawo a jaka yana iya ɓata, a cikinsa kuwa akwai sunayen 'ya'yan mutane, ko ciwon da matar wani ta kai asibiti. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya, ta kuma ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Saboda haka a zaɓi manhaja mai kullewa da kalmar sirri. Amma wannan kulle ba irin kwaɗon da maƙeri zai fasa ba ne. In kalmar ta ɓace, kwafin ya zama dutse, ko waɗanda su ka ƙera manhajar ba za su buɗe ba. A rubuta ta a takarda, a liƙe cikin ambulan biyu, mutum biyu amintattu su riƙe, kada kuma duka biyun su zama ma'aikatan da za su iya barin aiki rana ɗaya.

Saura abu guda, shi ne kuwa babba. Manomi mai hankali kafin shuka ya kan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga irinsa ya sa a jiƙaƙƙen tsumma ya ga ko za su tsiro. Kwafin da ba a taɓa gwada mayarwa ba, ba a san ko iri ne ko ƙaiƙayi ba. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka na cikin haɗa fim ɗin yara Toy Story 2, sai wani ya ba kwamfuta umurnin gogewa bisa kuskure, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Suka ce ba kome, akwai kwafi. Da aka ɗauko sai aka ga ashe an daɗe yana lalacewa ba wanda ya sani. Kun san wa ta cece su? Mai jego. Galyn Susman, ɗaya daga cikin shugabannin aikin, ba ta daɗe da haihuwa ba, tana aiki daga gida, don haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna, aka ɗaura mata bel a kujerar mota, aka kawo ta ofis a hankali kamar jaririn. Fim ya fito 1999.

Don haka kafin a biya mai kawo kaya cikon kuɗinsa, ki sa a yi gwaji a gabanki. A ƙirƙiri wata takarda, a bari a kwafe, a goge ta, sa'an nan akawunku, ba shi ba, ta dawo da ita da hannunta. In ta kasa, manhajar ba taku ba ce, ko kuwa bai gama koyarwa ba. A rubuta matakan a takarda da Hausa a manna a bango. Daga nan kowane wata a maimaita da takarda ɗaya, sau ɗaya a zango kuma a gwada mayar da uwar garken sukutum a wani faifai. A kuma saya mata ɗan akwatin batirin nan da a ke kira UPS, don kada wuta ta yanke mata aiki a tsaka, a kuma zare igiyoyi in hadari ya haɗo.

Na koma wajen ƙawata bayan kaka. Tsohuwar kwamfutar ɗakin malamai ce yanzu ke ɗauke da UrBackup, an kai ta wani ɗaki dabam da na uwar garken. Wata tsohuwar ɗalibarta da ta ɗauka akawu ita ke buɗe shafin kowace safiya, ta rubuta "kore" ko "ja" a wani ɗan littafi ta sa hannu. Sau biyu ta rubuta ja, duka biyun igiya ce ta zare wajen shara. Faifai mai lamba 2 kuwa na gan shi da idona a ɗakinta, cikin gwangwanin madara, a bayan jeren kwanoninta na aure.